Wasiƙa daga Garwa: Kunne ba ya sabawa da ƙarar inji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu, ko da zancen nawa zai ɗan yi tsawo. Daga Garwa nake rubutowa, arewacin Kamaru, bakin kogin Binuwai. Fatauci ne ya kawo kakana nan daga ƙasar Katsina, ya yi aure ya zauna. Sana'ata niƙa. Na buɗe shagon inji a unguwar Yelwa a 1991, kuma har yau yana aiki, sai dai yanzu ɗana ne ke tsaye a kansa. A waya nake karanta jaridarku, domin karatu ya maye mini gurbin rediyo.

Kwanakin baya kun buga wasiƙun mutane a kan ƙarar lasifika a gidajen biki. Wasu sun koka da rashin barci, wasu sun kawo haƙƙin maƙwabci, wasu sun ce a bar matasa su yi murnarsu. Duk na karanta, amma ban ga wanda ya tsaya a kan kunnen kansa ba, da abin da ke samunsa idan ƙara ta yi masa yawa. Ni kuwa a jikina abin ya faru, kuma ya faru a jikin wani ta dalilina. Shi ya sa na kasa yin shiru.

Ina yaro, da rani idan ruwa ya janye yashi ya fito, mukan sauka bakin kogi wasa. A tsallake akwai mata masu wanki suna buga tufafi a kan dutse, wani lokaci kuma masunci yana gyaran kwalekwalensa da guduma. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, sai in ga hannu ya sauka, har ya fara ɗagowa, sannan in ji bugun. Na tambayi wani yayana, ya ce idona ne ke yi mini gizo. Sai da na yi furfura na sami amsa, daga bakin ɗan ƙanwata da ke koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Marwa.

Ya ce, "Kawu, sauti tafiya yake yi, kuma tafiyar tana cin lokaci." A iska mai matsakaicin zafi yana cin mita 343 a sakan ɗaya. In iska ta ƙara zafi yakan ƙara sauri kaɗan, don haka a zafin Garwa na Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, yana kai wa wajen mita 355. Haske kuwa kilomita 300,000 yake ci a sakan. Mai wankin da ke nesa da ni da mita 350, ido ya riga ya gan ta, kunne sai ya jira sakan guda cur. Walƙiya da tsawa ma tare suke tashi. In ka ƙirga sakan tsakanin gani da ji, kowane uku kilomita ɗaya ne tsakaninka da inda ta faɗa.

Ya kuma nuna mini cewa babu wani abu da ke fita daga bakin mai magana ya tashi ya faɗa kunnen mai saurare. Iska ce ke tura iska. Ya kwatanta mini da layin mata a ƙofar shagona ranar jajiberin Sallah: ta baya ta ɗan tura ta gabanta, ita ma ta tura ta gaba, har turin ya iso kan ta farko, alhali babu wadda ta bar inda take tsaye. Duk abin da ke karkarwa, fatar ganga ko tsirkiyar garaya ko maƙogwaron mutum ko ƙarfen inji, yana matse iskar da ke jikinsa ya sake ta, matsin nan ya yi ta bin iska har ya iso kunne. Inda babu iska ko wani abin da zai ɗauke shi, babu sauti. Wani masani a Ingila, Robert Boyle, ya nuna haka tun 1660: ya rataye agogo a cikin tulun gilashi, ya zuƙe iskar ciki, sai ƙarar agogon ta ɓace alhali ana ganinsa yana aiki. Ruwa da ƙarfe sun fi iska iya ɗaukar sauti: a ruwa yana cin kusan mita 1,500 a sakan, a ƙarfe kuwa wajen 5,000. Wannan ban yi mamakinsa ba, domin duk mai inji ya san dabarar dafa bakin sukudireba a jikin inji, ya kafa ƙotar a ƙashin bayan kunnensa, ya ji abin da ke ci a ciki kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya. Shekara da shekaru ina yin haka ban san dalilinsa ba.

Har ƙorafin maƙwabtana ya warware mini. Da hunturu sukan ce in na tayar da inji bayan asuba, har layi na uku ana jinsa kamar a tsakar gida, ni kuwa in ce sharri ne, ai da rana ba sa ji. Ashe gaskiya suke faɗa. Da asubar sanyi, iskar da ke kwance a ƙasa ta fi ta sama sanyi, sauti kuma ya fi gudu a iska mai ɗumi, sai ya riƙa lanƙwasowa ƙasa maimakon ya watse sama. Da rana ƙasa ta ɗau zafi, sai abin ya juya, sautin ya lanƙwasa sama ya bar mutane. Ga kuma gari shiru da asuba. Dalilin ke nan da kiran salla daga tsallaken Binuwai ke isowa tar da sanyin safiya, amma da azahar ko alamarsa babu.

Yanzu bari in shigar da kai shagon. Ɗaki ne na bulo mai rufin kwano, faɗinsa taku huɗu, tsawonsa biyar, ƙofa ɗaya, taga ɗaya. A ciki akwai injin dizal mai silinda ɗaya, man da mu nan muke ce wa gazuwal, da bel da ke juya injin gari. Salansa ta fashe a shekara ta biyu, ban canza ta ba, tunda ba ta hana aiki. Bango da kwano suna mayar da ƙara kamar yadda duwatsun Tingilin ke mayar wa makiyayi da kiransa, sai dai a can amsa-kuwwar takan tafi ta ɓace, a ɗakina kuwa ba ta da inda za ta je sai kan wanda ke tsaye. Masara, dawa, gero, masakwa, gyaɗa, wake. Ranar da aka saba, awa goma. Da azumi, ga geron kunu ga waken ƙosai, daga bayan asuba har isha. A cikin ɗakin ba ma magana, sai nuni da hannu. In dole ta kama, ka kafa baki a kunnen mutum ka yi ihu.

In an kashe inji da dare, duniya takan yi mini kamar an lulluɓe ta da bargo. Muryar mutane tana zuwa daga nesa, kunne yana wani tsiririn kuka irin na gyare. Da safe sai in tashi garau. Sabon yaro idan ya zo, makon farko yakan yi ta kukan ciwon kai da ƙarar kunne, sai mu ce masa, "Yi haƙuri, za ka saba." Bayan wata guda ya daina kuka, sai mu ce, "Ka gani, kunne ya saba."

Wannan kalma ita ce dalilin wasiƙata. Na faɗe ta ga yara fiye da goma, kamar yadda maigidana ya faɗa mini lokacin da nake koyon aiki. Kunne ba ya sabawa. Ranar da ƙara ta daina damun yaro, ranar ce jinsa ya fara raguwa.

Uwargidana ce ta fara lura. Takan ce, "Malam, sau uku ke nan ina kiranka." Sai in ce ita ce ke magana ƙasa-ƙasa. Daga nan rediyo. A lokacin ni mutum ne da ba ya rabuwa da sashen Hausa na BBC da Muryar Amurka da na Jamus a gajeren zango, safe da yamma. Na yi ta ƙara murya har yara suka fara fita daga ɗaki in na kunna, amma labarin bai ƙara fitowa ba. Abin da mutane ba su gane ba game da irin wannan nauyin kunne shi ne, ba shiru kake ji ba. Kana jin ana magana sarai, ba ka dai gane abin da ake cewa.

Ka san yadda kalangu ke magana. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, makaɗi kuma yana bin hawan da saukar da matsin tsirkiya, har wanda ya san kirarin ya gane ko wa ake kira. Amma wanda bai san kirarin ba, kiɗa kawai yake ji. To, haka maganar mutane ta koma mini. Ina jin hawa da saukar murya, na san tambaya ake yi ko faɗa ko gaisuwa, amma baƙaƙen sun zube. "Fata" da "sata" ɗaya suke a kunnena, haka "sayar" da "shayar", haka "sittin" da "tis'in". In zancen na sani ne, kamar gaisuwa ko surar da na haddace, sai in cike gurbin da kaina. In sabon zance ne, musamman a cikin taro, na ɓata. Huɗubar Juma'a ina jin muryar liman, ban fita da komai. Na daina zama a majalisar ƙofar gida bayan la'asar, saboda gajiya da cewa "Na'am?" da kuma ganin yadda mutane ke gajiya da maimaitawa. Wani maƙwabcina, mutumin kirki, ya yi watanni yana fushi da ni, yana cewa tun da na sami kuɗi na daina amsa sallama. Wallahi ban taɓa jin sallamar tasa ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin hana amsa sallama ba halin da aka rene ni da shi ba ne.

Na yi duk abin da ake yi. An ɗiga mini mai iri-iri, na sosa da gashin kaza da tsinken ashana, an wanke mini kunne sau biyu ana cewa dauɗa ce. Ina roƙon masu karatu su bar cusa tsinke a kunne, domin yana iya huda dodon kunne ya ƙara wata cutar a kan wadda ake da ita.

A 2019 ɗana ya matsa mini muka je asibiti. Aka sa ni a wani ƙaramin ɗaki da ba a jin motsin waje, aka ɗora mini abin saurare, aka ce duk lokacin da na ji ƙara, komai ƙanƙantarta, in danna maɓalli. Bayan haka aka kafa wani ɗan ƙarfe a ƙashin bayan kunnena, daidai inda nake kafa ƙotar sukudireba, aka sake gwadawa. Likitar ta duba takardar, kafin in ce komai ta tambaye ni, "Baba, a wajen inji kake aiki?" Na ce wa ya faɗa miki? Ta nuna mini layin da ya tafi daidai, sannan ya faɗa rami a wajen sautin da ke kaɗawa sau 4,000 a sakan. Ta ce wannan ramin shi ne tambarin ƙara, ba sa ɓata shi. Gwajin ƙashi kuma ya nuna cewa hanyar waje lafiya take, ɓarnar can ciki ce.

Ta zana mini kunne a takarda, kuma zan so in ba masu karatu abin da na riƙe, domin tun ranar nake jinjina wa ikon Allah. Wannan fatar da muke gani a waje mazurari ce kawai, tana tattara sauti ta zura shi a rami. A ƙarshen ramin akwai dodon kunne, 'yar fata siririya a ɗaure kamar ta ganga, wadda ke karkarwa da duk matsin iskar da ya iso. A bayanta akwai ƙasusuwa uku a jere, an sa musu sunan abin da suka yi kama da shi: guduma, maƙera da likkafa. Likkafar nan, mai siffar wadda mahayan Lamiɗo ke zura ƙafa a ciki ranar hawan Sallah, ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, tsawonta wajen milimita 3, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ƙasusuwan suna karɓar karkarwar dodon kunne, su tattara ƙarfinta kimanin ninki 20, su buga ta a ƙofar wani ɗan bututu da ya naɗe kamar katantanwa, cike da ruwa. A cikin katantanwar akwai wasu ƙwayoyi masu gashi a kai, wajen 15,000 a kowane kunne. In ruwan ya motsa sai gashin ya lanƙwasa, ƙwayar ta aika saƙo ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, a can ne ake ji. Kowane sashe da irin sautinsa: na bakin ƙofa su ke karɓar siririn sauti, na can ƙurya su ke karɓar mai kauri. Wani mutumin Hangari, Georg von Békésy, wanda asalinsa ma'aikacin binciken tarho ne, shi ya gano yadda wannan rabon yake, har aka ba shi kyautar Nobel a 1961. Kunnen yaro lafiyayye yana jin sauti daga mai kaɗawa sau 20 a sakan har zuwa sau 20,000.

A nan na gane zancen kalangu. Wasula da hawa da saukar murya a kan sauti mai kauri suke tafiya, kuma nawa na ƙurya suna nan da rai. Amma "s" da "sh" da "ts" da "f" a kan siririn sauti suke, wurin da inji ya cinye. Shi ya sa muryar mata da ta yara ta riga ta maza ɓace mini.

Na tambaye ta magani. Ta ce babu. Farantin injina idan haƙoransa suka cinye, nakan kwance shi in kai a fiƙe, in ya ƙi in sayi sabo. Waɗannan ƙwayoyin ba su da maƙeri. Wanda ya mutu ya mutu ke nan. Tsuntsaye da kifi Allah ya ba su ikon sake tsiro da nasu, ɗan Adam da adadin da aka haife shi da shi zai koma. Toshewar da nake ji kowane dare, wadda ke washewa da safe, gajiyarsu ce, gargaɗi ne da aka yi mini dare dubbai ban fahimta ba. Kukan gyaren kuwa yanzu ba ya tafiya. Ko a tsakar dare, gari ya yi tsit, yana nan.

Da na koma gida na kira ɗan ƙanwata, ya zo hutu ya shiga shagon da wayarsa mai manhajar auna ƙara. Da desibel ake aunawa. Hira tsakanin mutum biyu wajen 60 take. Masana lafiyar ma'aikata sun ce a 85, iyakar abin da kunne zai ɗauka shi ne awa 8 a yini. Ma'aunin nan ba kamar na mudu ba ne: duk ƙarin 3 ninka ƙarfin ƙarar yake yi, lokacin da aka yarda kuma ya ragu da rabi. A 88 awa 4, a 91 awa 2, a 100 minti 15 kacal. Ɗan ƙanwar tawa ya ce waya ba ta kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma inda nake tsayawa ina zuba hatsi, allurar tana yawo a kusa da 100. Minti 15. Ni kuwa awa goma nake yi, kwana shida a mako, shekara 28. Kuma a 2003, da na ƙara inji na biyu don markaɗe ina murnar ci gaba, ashe ninka ƙarar na yi. Wanda ba shi da manhaja ga awo mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye nesa da kai da kamu ɗaya na hannu ya ji ka, wurin nan yana cin kunnenka.

Da kunnena kaɗai ne, da na ce na ci riba na biya, in yi shiru. Amma a 2002 wani manomi daga wani ƙauye kusa da Pitowa ya kawo mini ɗansa mai shekara 13, ya ce, "Ga amana, a koya masa sana'a." Yaron ya yi shekara 11 tare da ni. Shi ne mai tsayawa kusa da inji fiye da kowa, domin ya fi kowa ƙwazo. Na ciyar da shi, na tufatar da shi, na yi masa aure, da zai tafi na saya masa babur. Ina ganin na sauke amana. Bara na gamu da shi a kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi. Muna gaisawa sai na ga ya karkato da kansa gefe guda, idonsa a kan bakina, ba a kan idona ba. Na san wannan kallon, shi nake yi wa mutane. Mutumin bai kai shekara 40 ba, kuma da babur yake neman abinci, a titin da jin hon ke raba mutum da mutuwa. Na dawo gida ban iya cin tuwo ba. Ubansa ya ba ni yaro mai ji garau, kuma ni ne na ce masa za ka saba.

Ga abin da muka yi a shagon tun daga 2019, ko zai amfani 'yan'uwana masu inji a Garwa da Marwa da Gaundare da Yola da ko'ina. Mun fitar da injin dizal daga ɗakin, muka gina masa nasa gurbi a bayan bango, bel ya ratso ta wata 'yar kafa. Mun sa sabuwar salansa muka juya bakinta nesa da mutane. Mun shimfiɗa tsohuwar taya a ƙarƙashin gindin inji don kada karkarwar ta bi daɓe da bango. Mun buɗe taga ta biyu. Mai zuba hatsi yana sa marufin kunne irin na ma'aikatan filin jirgin sama, ko abin toshe kunne na soso, kuma ana samunsu a shagunan kayan gini. Mu da muke ƙasar auduga, abin da hannu ke fara kai wa shi ne a cusa auduga, amma kaɗan ƙwarai take tarewa, kada mutum ya ruɗi kansa da ita. Yara suna karɓa-karɓa, babu mai yin yini guda a bakin inji. Mata masu goyo kuwa mun hana su shiga sam. Mun sa benci a gindin bishiyar darbejiya a waje, domin a fili duk lokacin da ka ninka nisanka da inji, ƙara tana sauka da desibel 6. In na tuna jarirai nawa suka yi barci a bayan iyayensu a cikin wancan ɗakin, sai in yi istigfari. Duk gyaran bai kai kuɗin farantai na shekara ɗaya ba.

Abokan sana'a sun kawo mini uzuri biyu. Na farko, wai in ka toshe kunne ba za ka ji lokacin da inji ya canza murya ba. Ɗana ya yi shekaru yana aiki da marufi, yana jin canjin sarai, kuma wanda ya bar kunnensa a buɗe shi ne zai wayi gari ba ya jin canjin ko kaɗan, kamar ni. Na biyu, wai kurumta ƙaddara ce. Na yarda komai da ƙaddara yake. Amma babu mai zura hannu a bel yana juyawa ya ce ƙaddara. Hannu muna kiyaye shi saboda jini yana zuba a gani, kunne kuwa a ɓoye yake lalacewa, ba ciwo ba jini. Kuma a Suratul Isra'i, aya ta 36, ji ne aka fara ambata cikin abubuwan da za a tambaye mu a kansu.

Ban ce duk kurumta daga ƙara take ba. Likitar ta faɗa mini cewa sanƙarau, wanda yankinmu ya sha fama da shi, da ƙyanda, da ruwan kunnen da aka bari ba magani, da wasu allurai irin su jentamaisin in an yi su barkatai, duk suna kurumtarwa. Tsufa ma yana da nasa rabo. Amma ta ƙara ita ce wadda muke saya da hannunmu. Masu walda, maƙeran kwano, masu injin yankan katako, mai kwana kusa da janareta, yaron da ke zaune a gindin lasifika a gidan biki, matashin da abin saurare ba ya fita daga kunnensa, duk hanya ɗaya suke bi da ni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2021 mutum fiye da biliyan 1.5 ne ke da raunin ji, miliyan 430 daga ciki suna buƙatar taimako, kuma matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗari saboda sauraron ƙara mai ƙarfi. Ta ware 3 ga Maris a matsayin ranar ji ta duniya. Ina roƙon jaridarku ta riƙa tunawa da ranar, ta aika wakili ya shiga shagunan niƙa da na walda ya rubuta abin da ya gani. Yawancin masu inji ba sa karanta jarida, don haka duk wanda ya karanta wannan, in yana da ɗan'uwa a sana'ar, ya taimaka ya karanta masa.

Yanzu ina sa na'urar ƙara ji. Tana taimakawa in muna mu biyu a ɗaki, amma a kasuwa takan ƙara komai tare, mai magana da babur da akuya. Wanda ke da irina a gida, kada ya yi masa ihu, ihu ba ya dawo da baƙaƙen. Ya fuskance shi, ya bari a ga bakinsa, ya yi magana a hankali. Jikata 'yar shekara shida ta gane haka da kanta. Takan kamo haɓata ta juyo da fuskata kafin ta biya mini allonta.

Shi kuwa yaron nan nawa, na koma Pitowa na same shi a gida, na zaunar da shi na faɗa masa duk abin da na rubuta a nan, na nemi ya yafe mini. Ya ce, "Baba, ai ba ka sani ba." Ya gaya mini yana shirin kai babban ɗansa koyon niƙa a wani shago a garinsu. Na roƙe shi ya dakata, sai na je na ga ɗakin da idona na yi magana da mai shi. Ranar Alhamis mai zuwa kuma zan kai shi asibiti a auna abin da ya rage masa, ni zan biya.

Wassalam.

Naku,
Tsohon mai injin niƙa,
Unguwar Yelwa, Garwa, Kamaru.